Ina son aiki, amma wa zai riƙe min goyo?

Assalamu alaikum Anti. Da fatan kina lafiya, ya iyali, ya ƙoƙari. Ni matar aure ce a nan Kano, shekarata 32, 'ya'yana uku: babbar tana aji biyu na firamare, mai bi mata yana nazare, sai na goye ɗan wata tara. Na yi digiri a kimiyyar sinadarai, na gama hidimar ƙasa a 2017, daga nan aure da haihuwa suka sha gabana, ban taɓa aikin albashi ba. Maigidana ma'aikaci ne, yana iya ƙoƙarinsa, amma tun da aka cire tallafin mai albashin ba ya kai mu ashirin ga wata. Ya yarda in nemi aiki bisa sharaɗi biyu: in riga yara dawowa gida ko mu dawo tare, kuma ban da aikin kwana da tafiye-tafiye. Wata biyar ke nan ina tura CV ta waya, na tura ya fi sau arba'in, ko "mun gani" ba wanda ya ce min. Na taɓa sayar da atamfa da mayafai, bashi ya karya ni. Yanzu wani ɗan'uwan ƙawata ya ce in kawo naira dubu ɗari huɗu zai samo min ofa a wata ma'aikatar tarayya, har na fara tunanin sayar da sarƙata. Anti, a ina ake samun aikin da uwa za ta yi ba tare da ta yi watsi da 'ya'yanta ba? Ko dai lokaci ya wuce ni?

Uwar 'ya'ya uku, Kano

Wa alaikumus salam ƙanwata. Iyali lafiya lau, alhamdulillahi. Allah ya raya miki zuri'a, ya sa masu albarka.

Bari in fara da sarƙar, don ita ta fi tayar min da hankali. Ki mayar da ita inda kika ɗauko ta, ki kulle. Gurbin aikin gwamnati ba kayan sayarwa ba ne a doka. Hukumar ɗaukar ma'aikatan tarayya tana sanar da guraben da take da su a jaridu da shafinta na intanet, wanda adireshinsa ke ƙarewa da gov.ng, kuma cike fom ɗin kyauta ne. Na san za ki ce ai ana saya, kin ma san waɗanda suka saya. Gaskiya ne, har Majalisar Wakilai sai da ta kafa kwamiti a 2023 kan cinikin guraben aiki. Sai dai ki duba inda kike tsaye a wannan ciniki. In ya karɓi kuɗin ya ɓace, wajen wa za ki kai ƙara, kuma ki ce me kika je saya? In ya kawo takardar, ta ina za ki gane ta gaske ce kafin ranar tantance ma'aikata, ranar da ake zare masu takardun bogi daga tsarin biyan albashi? In ma ta tabbata ta gaske ce, ma'aikatar tarayya tana iya tura ki Lokoja ko Abakaliki, sharaɗin maigida na farko ya rushe ke nan, sarƙa kuma ta tafi. Ga zumuncinki da ƙawarki da zai shiga tsakani. Ki ce masa kin gode, maigida bai amince ba. Wannan amsa tana rufe baki ba tare da ɓacin rai ba.

Lokaci kuma bai wuce ki ba. Akwai guraben gwamnati da na bankuna da suke sa iyakar shekaru, wasu kin riga kin haura su, ki bar su su tafi. Da ma yawancinsu ba irin naki ba ne, musamman banki, inda ake fita kafin yara su farka a dawo sun yi barci.

Abin da na lura a wasiƙarki shi ne kin tura CV sau arba'in, amma ba ki gaya min wane irin aiki kike nema ba. Ina zargin ke ma ba ki tsayar ba, duk tallan da ya gifta ta waya sai ki danna. Zafin nema ba ya kawo samu. Kafin ki sake tura ko ɗaya, ki ɗauki takarda da biro, bayan yara sun kwanta, ki rubuta abu uku: ƙarfe nawa za ki iya barin gida kuma ƙarfe nawa dole ki dawo, nawa za ki kashe a kuɗin mota, wa zai riƙe yaron da ke bayanki, kuma nawa za ki ba shi. Uwa mai goyo agogon aiki da nisansa take fara dubawa, sunan ma'aikatar ya biyo baya.

Ga misali, ki sa naki lissafin a madadin nawa. A ce wani ofis a tsakiyar gari ya ba ki naira 60,000 a wata. Adaidaita biyu za ki hau zuwa, biyu dawowa, a ce 1,400 a rana. Kwana 22 na aiki ya kama 30,800. Mai raino 12,000. Ranar da kika dawo a gajiye aka sayi taliya da ƙwai ko aka aika a sayo awara, a ce 5,000 a wata, kuma na rage. Abin da ya saura bai kai 13,000 ba, kin kuma bar gida tun bakwai har biyar. Sai ga wata makarantar kuɗi a bayan layinku, wadda za ki taka da ƙafa, ta ba ki 40,000, ta rage miki rabin kuɗin makarantar yara biyu, ta bar ki ki zo da jaririn ɗakin raino. Wanne ya fi? Ni sai da na sha wuya na koyi wannan lissafi. Shekarun baya, ina goyon ɗiyata ta biyu, na bar koyarwa na karɓi aiki a wani kamfani can ɗaya gefen gari saboda albashin ya ninka. Wata biyar na yi. Nono ya ɗauke, yarinya ta rame, ni da maigida muka koma gaisuwa kawai, kuɗin kuwa a hanya yake ƙarewa. Na koma aji da kunyata, kuma ban yi da-na-sanin komawar ba.

Don haka koyarwa ce ta farko da zan sa miki a gaba, kuma ba don ita ce "aikin mata" ba, wannan magana ni ma tana ba ni haushi. Dalilina shi ne kalandar malama da ta 'ya'yanta ɗaya ce: ku tashi tare, ku yi hutu tare, ranar da aka ba da hutun sallah ko na zaɓe ba ki neman wanda zai zauna da su. Sannan ke sinadarai kika karanta. Masu makarantu suna samun malaman wasu darussa cikin sauƙi, amma wanda zai koyar da Kemistiri da Fiziks da Lissafi a babbar sakandare nemansa suke yi, a makarantun 'yan mata kuwa mace sun fi so. Kina riƙe da abin da ake buƙata, ba ki sani ba.

Irin wannan aiki ba kasafai ake tallansa a intanet ba. Mai makaranta in yana neman malami, malamansa yake tambaya ko sun san wani, ko ya buɗe durowa ya duba takardun da aka kawo masa da hannu. Saboda haka ki rubuta sunan duk makarantar da ke tsakanin gidanku da tafiyar adaidaita ɗaya, ki fara da wadda 'ya'yanki suke. Ki buga CV guda goma, ki yi shiga ta mutunci, ki je da kanki da hantsi, bayan an gama hayaniyar safe. Ki nemi ganin shugaban makaranta, kada ki bar takarda a hannun maigadi ki juya. Ki ce a shirye kike ki koyar da darasi ɗaya na gwaji a gabansu. Lokacin da ya fi dacewa shi ne dogon hutu, Agusta zuwa farkon Satumba, sa'ad da ake cike gurbin waɗanda suka tafi, sai kuma makon farko na kowane zango. Kafin ranar ki nemo manhajar WAEC da NECO ta Kemistiri da tsofaffin tambayoyinsu ki yi bita, don shekara bakwai ko takwas ba kwana bakwai ba ne, kuma 'yan aji shida na yanzu ba sa raga wa malamin da ya yi in-ina a gaban allo.

In kin ga koyarwar ta karɓe ki, to ki gyara takardunki. Wanda bai karanta fannin ilimi ba yana buƙatar difilomar koyarwa ta bayan digiri, PGDE, kafin ya yi rajista da hukumar rajistar malamai ta ƙasa, TRCN, wadda take shirya jarrabawar cancanta ta ba da lasisi. Cibiyar horar da malamai ta ƙasa da ke Kaduna, NTI, tana yin wannan difiloma ta karatu daga nesa, tana da cibiyoyi a jihohi, ana haɗuwa a ƙarshen mako. Jami'ar Bayero da jami'ar karatu daga gida, NOUN, su ma suna yi. Abin shekara guda ne da 'yan watanni. Da wannan takarda, ranar da gwamnatin jiha ta buɗe ɗaukar malamai kina cikin waɗanda suka cika sharaɗi, kuma manyan makarantun kuɗi masu biya da kyau ita suke fara tambaya. In har za a taɓa sarƙar nan wata rana, to irin wannan wuri ya cancanta.

Akwai kuma lesin, wanda mutane suke rainawa alhali wasu malamai abin da suke samu a ciki ya fi albashinsu. Yara huɗu ko biyar 'yan unguwa masu shirin JAMB ko WAEC, a tsakar gidanki ko a zaure, bayan la'asar, sau uku a mako. Allo ƙarami da tabarma kawai. Iyayen 'yan mata da yawa ba sa son kai su cibiyoyin lesin na gari inda ake cakuɗa da samari a dawo da magariba, za su yi murna da samun malama a cikin gida. Amma ki tuna abin da ya kashe miki kasuwar atamfa. Kuɗin wata a farkon wata, ko 'yar yayarki ce. Wanda ya ji haushi ranar farko ya fi wanda za ki bi bashi wata uku kuna gaisawa sama-sama a gidan biki.

Hanya ta biyu da mata masu ilimi a Arewa suke da fifiko a kai, kuma kaɗan ne suka lura, ita ce aikin shiga gida-gida. Rubutun "ba shiga" da ke jikin ƙofofinmu ya sa duk wanda zai yi aiki da matan aure dole ya ɗauki mace. Rigakafin shan inna mata ne ke shiga. Rabon maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro da ake yi wa yara 'yan wata uku zuwa ƙasa da shekara biyar a damina, kwanaki kaɗan a kowane wata, mata ne kan gaba. Masu binciken lafiya da na zamantakewa, na gwamnati da na ƙungiyoyi, suna ɗaukar mata masu jin Hausa da Turanci su yi tambayoyi su cike amsa a waya, da manhajoji irin su KoboCollect da ODK. Waɗannan manhajoji kyauta ne, za ki iya saukewa ki koya da kanki a kwana biyu, ki rubuta a CV cewa kin iya. Ƙofar shiga ita ce asibitin sha-ka-tafi na mazaɓarku da sashen lafiya na ƙaramar hukuma: ki je ki gaisa da mai kula da wurin, ki ce kina da digiri kuma kina son a sa ki in aiki ya taso. Aiki ne na 'yan kwanaki, akwai rana, akwai yawo, alawus ɗin ma yakan yi jinkiri, ba abin dogaro ba ne. Amfaninsa biyu: a cikin unguwa ake yi a dawo da azahar, kuma yana cike ramin da ke cikin CV ɗinki. Mai digiri da ta nuna himma ba ta daɗewa kafin a ba ta kula da rukuni, daga nan sunanta ya fara yawo a bakin masu ɗaukar aiki.

Yanzu ga shafukan intanet, tunda ta waya kike tura CV. Jobberman da MyJobMag su ne manyan da ake sa guraben Najeriya, dukansu za ki iya tace nema da jiha, ki zaɓi Kano kawai, ki sa su riƙa turo miki sanarwa ta imel. Jobberman sun daɗe suna ba da horo kyauta kan zaman ofis da mu'amala da mutane, da satifiket a ƙarshe, kuma Kano na cikin jihohin da suka mayar da hankali a kai. ReliefWeb, wanda ofishin jinƙai na Majalisar Ɗinkin Duniya ke gudanarwa, shi ne dandalin guraben ƙungiyoyin agaji, sai dai ki karanta da kyau, yawancinsu akwai tafiya ƙauyuka da kwana a wata jiha. LinkedIn kuma ki buɗe, ki sa hoto na kamala da hijabinki, ki nemo waɗanda kuka yi jami'a tare. Amma gaskiyar magana, tallan da kika gani a waɗannan shafuka mutum ɗari nawa suka gani tare da ke. Gara ki tura biyar a wata, kowanne kin karanta abin da suke so kin gyara takardarki ta dace da shi, da ki watsa arba'in iri ɗaya.

Da ɗan gari akan ci gari. Zauren WhatsApp na 'yan ajinku na jami'a, wanda na tabbata kin kashe wa ƙara tun shekaru uku, ya fi duk shafukan nan amfani a gare ki. Ki rubuta a ciki, a taƙaice, ba tare da kame-kame ba: ina Kano, ina neman koyar da Kemistiri ko aikin rabin rana, wanda ya ji labari ya taimaka. Ki faɗa wa malamar Islamiyyarku, ki faɗa wa matan da kuke haɗuwa a taron iyayen yara, ki sa maigida ya faɗa a ofishinsu. Mu mata muna da wata kunya ta a ji muna neman aiki, kamar tona asirin miji ne. Ba tonon asiri ba ne, kowa ya san kuɗin buhun shinkafa.

Game da CV ɗin kansa, ina so ki sake shi. Shafi ɗaya ya ishe ki, a tura shi a PDF. Adireshin imel ya zama sunanki, ki bar wancan na 'yanmatanci mai "gimbiya" da lambobi. Ki cire addini, ƙabila, aure da yawan 'ya'ya, ba wanda ya tambaye ki su a wannan mataki. Inda kika yi hidimar ƙasa, in makaranta ce, wannan ƙwarewar koyarwa ce ta shekara guda, ki rubuta azuzuwan da darussan. Shekarun da kika zauna a gida kada ki bar su fili, kada kuma ki yi ƙarya. Kin yi kasuwancin tufafi: kin saro kaya, kin tallata a waya, kin riƙe lissafi, ki rubuta haka da shekarunsa. Karyewar da kika yi ba sai ta shiga takarda ba. In an tambaye ki a intabiyu me kike yi tun 2017, ki ɗaga kai ki ce kin tsaya rainon yara kina kasuwanci a gida, yanzu kin shirya, kuma kin tanadi mai kula da ƙaramin. Jimla biyu, ki yi shiru. Mai ɗaukar aiki ba haihuwarki ce damuwarsa ba, so yake ya ji ko za ki zo ranar Litinin.

Sai aikin da ake yi daga gida ta kwamfuta, wanda kowa yake kwaɗayi yanzu. Akwai na gaske. Kamfanonin fasaha suna biyan masu fassara tsakanin Turanci da Hausa, da masu sauraron murya su mayar da ita rubutu, ana samunsu ta LinkedIn da Upwork da ProZ. Amma suna son mai rubuta Hausa bisa ƙa'ida, mai bambance ƙ da k, ɗ da d, wadda ta san inda ake raba kalma da inda ake haɗewa, Hausar hira ta waya ba ta wucewa a wurinsu. Kina buƙatar kwamfuta, data, da wutar da za ki dogara da ita, kuma aikin yau akwai gobe babu. In kina sha'awar koyon fasahar zamani, shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta fara a 2023 kyauta ne, ki sa ido lokacin da za a buɗe rajista. Hukumar samar da aikin yi ta ƙasa, NDE, ita ma tana da ofis a kowace jiha, tana koyar da sana'o'i. Abu ɗaya dai kada ki ruɗi kanki da shi: aiki daga gida ba ya ɗauke buƙatar mai raino. Yaro mai rarrafe da kwamfuta ba sa zama a tabarma ɗaya. Ga baƙi, waɗanda in sun gan ki a gida sun ɗauka zaman banza kike, a zo a baje hira tun hantsi har azahar, ke kuma kunya ta hana ki cewa ana jiran aikinki ƙarfe biyu.

A wannan fage ne kuma 'yan damfara suka fi yawa. Duk saƙon da ya shigo miki daga lambar da ba ki sani ba, wai ki danna wa bidiyo alamar so a biya ki, sai daga baya a ce ki zuba kuɗi don ki hau mataki na gaba, ki goge shi. Mun ga tsare-tsaren zuba kuɗi na damfara, MMM a 2016 da CBEX a 2025, har yanzu akwai gidajen da ba su farfaɗo ba. Aikin da ya ce ki biya kuɗin fom, kuɗin horo ko kuɗin inifom kafin ki fara, ba aiki ba ne. Kada ki ba kowa lambar BVN ko lambobin sirrin da banki ke turo miki da sunan za a buɗe miki fayil. Intabiyun da aka ce a otal za a yi, ko bayan magariba, ko a wani gida, ba da ke ba. Ko a ofis ne, in ba ki san wurin ba, maigida ko ƙaninki ya raka ki ya jira a waje.

Ranar da Allah ya kawo wanda ya ce ki zo ki fara, a nan ne mata da yawa suke yin sakaci saboda murna. Tun ran gini ran zane. Ki tambayi ƙarfe nawa ake tashi a aikace, don wata makarantar a takarda ƙarfe biyu ne, amma akwai lesin na dole har huɗu, akwai taron malamai ranar Asabar. Ki tambaya ko ana biyan albashi a watannin hutu, saboda wasu masu makarantu ba sa biyan Agusta. Ki tambayi ranar biya, sannan ki samu wata malama a gefe ki sake tambayarta, amsarta ce ta gaskiya. Ki tambayi ragin kuɗin makarantar 'ya'yan malamai, da ko za ki iya zuwa da jariri. Ki nemi a rubuta miki duk abin da aka amince. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta wajabta a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da farawa. Sashe na 54 na dokar ya ba mai juna biyu hutun mako 12, shida kafin haihuwa shida bayanta, da aƙalla rabin albashi in ta yi wata shida tana aiki a wurin, ya kuma ba mai shayarwa rabin awa sau biyu a rana don ta ba da nono. Aikin gwamnati ya fi haka sauƙi, jihohin Legas da Kaduna ma hutun haihuwa na wata shida suke ba ma'aikatansu. Mafi ƙarancin albashi kuma naira 70,000 ne tun Yulin 2024, sai dai bai hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, shi ya sa za ki ji ƙananan makarantu suna kiran abin da bai kai haka ba. Ba na ce ki shiga ofishin mutane kina karanto masu doka ba, za su ce an gode, za mu neme ki. Ki dai san abin da yake naki, don ki gane lokacin da ake yi miki alfarma da lokacin da ake ba ki haƙƙinki ana kiransa alfarma.

Maganar mai raino kuwa, ina da ra'ayi mai zafi a kai, ki yi haƙuri da ni. Kada ki ɗauko yarinya 'yar shekara goma daga ƙauye ki damƙa mata ɗan wata tara ki kulle gida ki tafi. Ita ma yarinya ce, raino take buƙata, makaranta ya kamata a ce tana ciki. Ki nemi dattijuwa a maƙwabta wadda kika san gidanta da tsabtarta, ki yanka mata abin da za ki riƙa ba ta duk wata, ko a yi da Hajiyarku ko ta maigida in suna kusa kuma sun nuna so da bakinsu. Ko su ne, kada ki mayar da abin kyauta, ki riƙa yin alheri a kai a kai, sabulu, turmi, kuɗin goro. Sannan ki tanadi mutum na biyu, don akwai ranar da dattijuwar za ta tafi ta'aziyya garinsu, akwai ranar da yaro zai kwana da zazzaɓi. Sa'arki ɗaya, ya wuce wata shida, ya fara cin kunu da ɗan abinci mai laushi, zai iya jure awa biyar ko shida ba nono.

Saura maigida. Sharuɗɗansa biyu ba su yi tsauri ba, na ga waɗanda suka fi haka nesa ba kusa ba, ki gode masa. Amma akwai zancen da ya kamata ku yi tun albashin farko bai shigo ba, don bayan ya shigo zancen yakan canza launi. Ci da sha da tufafi da muhalli suna wuyansa, abin da kika samu naki ne, taimakon da za ki yi kyautatawa ce, kuma na san don ki taimaka kika fito nema. To ki faɗi abin da za ki ɗauka da bakinki, abu ɗaya ko biyu sanannu, misali kuɗin Islamiyya da abin karin kumallon yara, ya san da shi ke ma ki san da shi. In aka bar abin a buɗe, a hankali kuɗin cefane zai fara raguwa ba tare da kowa ya yi niyyar mugunta ba, wata rana ki farka ki ga gidan gaba ɗaya a kanki, ga aikin waje ga na ciki. Ku yi maganar safiya ma: in za ki fita bakwai da rabi, wa zai kai yara, wa zai tsaya a kan na nazare ya sa takalmi. Namijin da ya ce "na yarda ki yi aiki" sau da yawa bai hango cewa shayinsa zai riƙa zuwa a fulas ba. Ki gaya masa tun yanzu, cikin raha, lokacin da ya ci ya ƙoshi.

Ki kuma ware wani abu daga albashin, ko dubu biyar ne, ki shiga adashe da matan da kika yarda da su, da niyyar kuɗin PGDE. Wannan makon dai aikinki takarda da biro ne, da zagayen makarantun unguwa. In kin je guda goma ɗin, ki sake rubuto min ki gaya min abin da kowacce ta ce, da abin da lissafin kuɗin motarki ya nuna, sai mu zaɓa tare. Ki gaishe min da yaran, ki shafa min kan na goye.

Taki,
Anti